Mai rubuta sunan kowa, nasa babu a jeri: yadda rabon takardun yabo ya kasance a wata meri ta jihar Maraɗi

Ba zan kama sunan ma'aikatar ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, don mutanen duk suna nan da ransu, gobe ma da su zan gaisa. Meri ce, wato ofishin magajin gari, ta wata ƙaramar hukuma a jihar Maraɗi ta Nijar, ba ta da nisa da birni. Da yawanmu ma a Maraɗi muke kwana, wasu a Zariya, wasu a Ali Ɗan Tsoho, mu hau moto da sassafe mu dawo bayan la'asar. Ni aka ɗora wa rubuta labaran gidan, ni ne kuma na riƙe alƙalami a ɗan kwamitin da ya fitar da sunayen waɗanda aka yaba wa a ƙarshen 2024. Saboda haka in akwai laifi cikin abin da zan faɗa, da hannuna a ciki.

Sai an san yadda meri take sannan a gane lamarin. Tun zaɓen watan Yulin 2004 ƙananan hukumomin Nijar suka samu magadan gari da kansiloli zaɓaɓɓu, aka sake zaɓe a 2011, aka kuma sakewa a Disamban 2020. A watan Afrilun 2024 mahukuntan soja suka rusa majalisun, suka naɗa kantomomi. Wannan zancen shugabanni ke nan, masu zuwa su wuce. Mu ma'aikata kuwa kashi uku muke. Akwai waɗanda gwamnati ta turo, albashinsu daga baitulmalin ƙasa yake fitowa. Akwai waɗanda meri ta ɗauka da takarda, kowa da lambarsa, sunansu na cikin jerin albashi, ana zuba musu kuɗi a CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata, idan aljihun gidan ya yarda. Sai kashi na uku, wanda babu shi a takarda amma kowa ya san da shi: masu yanka tikiti a kasuwa da ake ba su kaso cikin abin da suka tara, wasu daga cikin mata masu shara, da ƴan taimako da suka shigo wata rana "kafin a ga abin da Allah zai yi", shekaru suka yi ta wucewa suna nan.

Mutumin da wannan magana ta shafa ɗan kashi na uku ne. Malam kawai muke ce masa. A sashen rajistar haihuwa da aure da mutuwa yake, ƙarƙashin wata Hajiya da ke shugabantar sashen. Aikin sashen a baki ba shi da wuya: a likita ko a gidan mai gari ake rubuta sanarwar haihuwa cikin kaye, wato littafin rubutu, a kawo meri a juya ta cikin babbar rajista, a sa hannu, a ba iyaye takardarsu. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a yi sanarwar. Wanda ya bari suka wuce, sai ya nemi takardar alƙali a madadinta. Wuyar aikin sai bayan shekaru take fitowa, ranar da uba ya zo neman kwafi don ɗansa zai zauna jarrabawa, takardar asali gara ta ci, shi kuma bai riƙe shekara ba balle wata.

A nan Malam yake da abin da babu mai shi. Zai sauke tabaransa, wanda ƙafarsa ɗaya zare ne, ya dubi mutum ya ce, "Kafin Maraɗi Kwalliya aka haife shi ko bayanta?" Yana nufin bikin ranar Jamhuriya da aka yi a Maraɗi a Disamban 2015. In aka ce kafin, to ya san rajistocin da suka biyo bayansa sun fita daga lissafi. Sai ya ƙara: da damina ne ko da ɗari? Azumi ya wuce? Wa ke mai gari lokacin? Tambaya huɗu ko biyar, ya miƙe ya buɗe kabad, ya zaro littafi ɗaya daga tsakiya, ya lashi yatsa ya soma buɗawa. Sau da yawa na gani da idona, sunan yaron na cikin littafin da ya fara ɗauka. Abin da ake ba shi a ƙarshen wata kuwa ba albashi ba ne, ihsani ne daga kuɗin hidimar sashen, wani wata ya samu, wani wata a ba shi haƙuri.

Da kantoma ya zo, sakatare janar na meri, wanda muke kira Esje, ya kawo shawara mai kyau. Ya ce ma'aikata ba su san abin da junansu ke yi ba, labari sai a bakin mai shayi, kuma kafin ya iso ya canja kama. Aka kafa allo a zaure, aka buɗe zauren WhatsApp na ma'aikata, aka ce ni zan riƙa zuba labarai. Lambobin waya daga ina na samo su? Daga jerin albashi, don shi ne kaɗai jerin da ke cikin kwamfuta. Da wane harshe? Da Faransanci, don da shi ake aikin biro. Labarin kuma wa ke ba ni? Shugabannin sassa da ofishin kantoma. A lokacin ban ga aibin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Labaranmu suka zama: kantoma ya karɓi baƙi, kantoma ya ziyarci kasuwa, taro ranar Laraba da ƙarfe tara, wane ya yi rashi Allah ya jiƙan rai.

Wanda ke Maraɗi a ƙarshen Agustan 2024 bai manta ruwan nan ba. Gidaje sun rushe, an yi asarar rayuka, dattawa suka riƙa tuno labarin ambaliyar 1945 da ta sa aka tayar da gari daga bakin gulbi aka maida shi tudu. Mu ma garin da merinmu take ya samu rabonsa. Ɗakin rajista tsohon gini ne, kwanonsa ya daɗe da hujewa ta kusurwar gabas, Malam ya sha faɗa, amma faɗar ɗan taimako iyakarta kunnen Hajiya, ita kuma ta rubuta ta miƙa, takardar ta kwanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji Hausawa, to a nan maganar ba karin magana ba ce, yoyon gaske ne.

Cikin dare Baba mai gadi ya haska tocila ta taga, ya ga ruwa ya kwanta a ɗakin yana neman kai wa bene na ƙasa na kabad. Bai kira Esje ba, bai kira ni ba, Malam ya kira, don gidansa ne kusa kuma shi ke riƙe da makulli na biyu. Malam ya zo da buhunan shinkafa wofi guda biyu da tabarmar roba. Su biyu, ɗaya ya haura sittin, suka riƙa cusa rajistoci a buhu, su lulluɓa da tabarma, su ratsa tsakar gida ruwa har ƙwauri, su jibge a kan teburan ɗakin taro. Sai da aka kira assalatu suka gama. Washegari da na iso, na tarar da littattafan da suka jiƙe an baje su a rana kan tabarmi, an danne gefensu da duwatsu, Malam na tsugune yana saka tsohuwar jarida tsakanin shafi da shafi don kada tawada ta kama juna. Na ce masa sannu da aiki. Ya ce yawwa. Na wuce, don ana jirana in bi kantoma zagayen unguwannin da ruwa ya yi wa ɓarna.

Da yamma na zuba labari a zaure: hotuna shida na zagayen kantoma, da layi ɗaya a ƙarshe. Da Faransanci na rubuta, amma fassararsa ke nan: ruwa ya shiga ɗakin rajista, an shawo kan lamarin. Wannan "an" ɗin, mutum biyu ya haɗiye da daren da suka kwana cikin ruwa. Su kuwa ba su ma san na rubuta ba, tunda babu ɗayansu a zauren.

A farkon Disamba kantoma ya ce yana so ranar 18 ga wata, ranar Jamhuriya, a ba ma'aikatan da suka yi fice takardun yabo. Aka kafa kwamiti na mutum huɗu: Esje, ma'aji, wakilin ƙungiyar ma'aikata, da ni. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kowane shugaban sashe ya ba da suna ɗaya, kwamiti ya duba ya ga ko abin da aka faɗa a kansa ya yi daidai da abin da aka sani. Abin da aka sani kuwa, da muka zauna, sai ya zama abin da ke cikin zauren WhatsApp, don shi kaɗai ne wurin da ayyukan shekara suke a jere da kwanan wata. Takardar da aka tsara kuma tana da gurbi uku: suna, muƙami, lambar ma'aikaci.

Hajiya ta aiko da sunan Malam. Ma'aji ya karanta, ya ajiye bik, ya ce wannan ba za ta yiwu ba. Ina so in yi masa adalci a nan, don an yi ta zaginsa daga baya, kuma mutumin ba mugu ba ne. Abin da ya ce shi ne: duk takardar da ta fita da hatimin meri da sa hannun kantoma tana cewa wane ya yi mana aiki, shaida ce. Gobe mai ita, ko ɗansa bayan ransa, yana iya ɗaukarta ya kai wa sufeton ƙwadago ya ce a biya shi haƙƙin shekaru. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata, wato sefa dubu 42, a lissafa da shekarun da Malam ya yi, sannan a tuna ba shi kaɗai ne ɗan taimako a gidan ba. Ga shi a lokacin waɗanda ke cikin jeri ma suna bin meri bashin albashinsu, iyakar Najeriya ta yi watanni a rufe bayan juyin mulkin Yulin 2023, kasuwa ta ja baya, tikiti ya ragu. Esje ya dubi wakilin ƙungiya. Wakilin ya ce Malam ba ɗan ƙungiya ba ne, ba shi da ta cewa. Aka dube ni, na ce ni marubuci ne. Cikin minti goma aka yanke cewa a yaba wa sashen gaba ɗaya, a rubuta takardar da sunan shugabarsa. Ni na buga ta.

Ranar biki aka kafa rumfa a tsakar gida. Malam na cikin masu jido kujeru. Aka kira direban kantoma, aka kira sakatariyar ofishinsa, aka kira wani mai yanka tikiti da ya samu shiga jeri shekarun baya, aka kira ɗaya daga cikin masu shara. Da aka kira Hajiya ta tashi, ta karɓa da hannu biyu, ta tsaya aka ɗauki hoto. Maimakon ta koma kujerarta, sai ta ratsa mutane har bakin rumfa inda Malam ke tsaye, ta miƙa masa.

"Malam, karɓi abinka. Ni ban shiga ruwa ba."

Wuri ya yi tsit. Malam ya dubi takardar bai taɓa ta ba, ya ce, "Hajiya, sunanki ne a kai. Takardar wani ba ta zama ta wani, ke ma kin sani. Allah ya saka da alheri." Baba mai gadi, da ke zaune kan bencinsa a bakin ƙofa, ya ce da ƙarfin da kowa zai ji, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Aka yi ƴar dariya ta kunya, mai gabatarwa ya yi sauri ya kira suna na gaba.

Akwai wani abu da ya faru bayan an watse, wanda ya fi wancan tsaya mini a rai. Tsohuwar mai sharar da aka ba takarda ta same ni ina naɗe wayar lasifika. Ta juya takardar gaba da baya, ta leƙa cikin ambulan, ta ce, "Ɗana, duba mini, babu kuɗi a ciki?" Na ce babu, Inna, yabo ne. Ta ce to madalla, amma wata biyu ke nan tana bi, kuma mai gero ba ya karɓar yabo. Ta naɗe ta cikin gefen zane ta tafi.

Na daɗe ina juya maganganun nan biyu, ta ma'aji da ta Inna, don kamar suna karo da juna amma kowannensu gaskiya ya faɗa. A wurin wadda ke cikin jeri kuma ake riƙe mata albashi, takardar yabo takarda ce kawai, har tana iya zama cin fuska. A wurin wanda ba ya cikin jeri, ita ce za ta zama takarda ta farko a duniya da ta haɗa sunansa da hatimin gidan da ya tsufa a ciki. Shi ya sa ma'aji ya ji tsoronta. Mu muka ɗauki abu ɗaya muka raba wa mutanen da ba matsayinsu ɗaya ba, muka ba wadda ba ta da buƙata, muka hana mai buƙata.

Malam bai yi fushi ba, ko kuma bai nuna ba. Janairu ta kama, lokacin haɗa dosiyen ƴan jarrabawa, iyaye suka cika zaure, yana ta zaro littattafansa kamar kullum, har da waɗanda shafukansu suka yi kumburi saboda ruwa. Hajiya ce ba ta haƙura ba. Ta nemi ganin kantoma, ta ce in raka ta tunda ni na buga takardar. Ta ba shi labarin daren nan tun daga tocilar Baba har zuwa jaridar da aka saka tsakanin shafuka. Kantoma ya ce, "Hajiya, ya aka yi ban taɓa jin wannan ba?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, tambayi mai ba da labari." Ya ɗauki wayarsa, ya yi ta ja har ya kai Agusta, ya karanta layin nan nawa a fili, ya ɗago ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

A ganina nan ne asalin matsalar take. Mutane sun ɗora laifin kan kwamiti, amma kwamiti abin da ya iso gabansa ya auna. Tun watan Agusta aka gama rabon takardun Disamba, ranar da na zaɓi hoto shida da "an" ɗaya. Labari a gidanmu daga sama yake gangarowa, ba ya hawa daga ƙasa, don haka wanda ke kusa da kantoma kullum yana cikin hoto, ko da aikinsa buɗe ƙofar mota ne. Ba na cewa direban bai cancanta ba, mutumin kirki ne. Ana ganinsa ne kawai.

Gyaran da aka yi ba mai yawa ba ne. Na bi kowa da kowa na karɓi lamba, har masu tikiti da masu shara. Baba ba shi da babbar waya, sai muka sa ta jikansa. Labari ya koma saƙon murya da Hausa, na rubutu ya biyo baya don allo, kuma kowace Litinin da safe ana karanta na mako a gindin dogon yaron tsakar gida. Wasu manya sun ƙi abin da farko, suna cewa saƙon murya ba aikin hukuma ba ne, sai ga kundin tsarin ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ya zama harshen ƙasa, gardamar ta mutu da kanta. Ni kuma na ɗaukar wa kaina doka guda: ba na ƙara rubuta "an yi". In aka share kwalbati, wa ya share? In aka gano rajistar da ta ɓace, hannun wa ya zaro ta?

Kada a ɗauka daga nan komai ya daidaita. Da aka buɗe ƙofa, kowa ya zama marokin kansa. Masu tikiti biyu suka kusa dambe kan wanda ya fi tarawa ranar kasuwa, saboda na ambaci ɗaya ban ambaci ɗayan ba. Wani ya riƙa turo hotonsa a bakin aiki sau uku a yini. Sannan wata rana da dare wata murya ta shigo zauren, ba gaisuwa ba komai, tana tambayar yaushe za a biya bashin albashi, cikin awa ɗaya muryoyi suka yi ta biyo ta. Esje ya so a kulle zauren ya zama shugabanni kaɗai ke magana. Kantoma ya hana, ya sa ma'aji ya yi bayani da bakinsa, da Hausa, abin da ya shigo asusu da abin da ya fita. Bayanin bai cika tukunyar kowa ba, amma ban taɓa ganin an yi irinsa a gidan ba.

Ranar 1 ga Mayun 2025, ranar ma'aikata, aka ba Malam da Baba takardunsu. Kafin a kai nan sai da aka yi zama uku kan kalmomin da za a rubuta. Hajiya na so a ambaci shekarun da Malam ya yi a sashen. Ma'aji ya ce in aka rubuta shekaru shi ba ya ciki. Aka tsaya a kan daren kaɗai: don ceto rajistocin ƙaramar hukuma a daminar 2024. Gurbin muƙami aka rubuta mai taimako, gurbin lamba aka ja layi. Kantoma ya ce zai sa gurbin aikin cikin kasafin kuɗi na gaba, amma kasafin meri sai ya bi ta hannun hukumar da ke sa ido a gunduma, kuma ɗaukar sabon ma'aikaci a gidan da ake bin bashi ba abu ne da ake sa wa hannu da sauri ba. An dai sake kwanon kusurwar gabas.

Kwana biyu bayan bikin Malam ya shigo birona da takardar cikin leda. Na zaci godiya ya zo yi. Ya shimfiɗa ta kan tebur, ya sauke tabarau, ya ɗora yatsa kan sunan mahaifinsa.

"Ƙanena, nan ka sa harafi ɗaya, biyu ne. In na kai ta wani wuri za a ce ba ni ba ne."

Na ce ya tabbata? Ya zaro wata takarda daga aljihun gaba, ta yi laushi saboda naɗi, ya buɗe a hankali. Takardar alƙali ce, tasa ta haihuwa, irin ta mutanen da, wadda ba ta da rana ba ta da wata, sai dai an haife shi wajajen shekara kaza. Harafi biyu ne kuwa. Na sake bugawa a take, na kai ofishin Esje aka saka cikin jakar sa hannu. Kantoma ya yi tafiya Yamai a makon, da ya dawo wasu takardu suka hau kanta. Litinin ta biyu, bayan an gama karatun labarai a gindin dogon yaro, Malam ya tsaya har mutane suka ragu, ya matso ya tambaye ni ko ta fito. Na ce zan duba. Ya ce to, ya juya, don akwai wata mata a bakin tagarsa da goyo da kaye a hannu tun ɗazu tana jira.